Rediyo Biyu na Gulma

A Gwadangaji, bayan inda masu keke ke jiran fasinja, akwai wata rumfar kwano da wani dattijo ke zaune a ciki yana gyaran tocila da cajin waya. Malam Nu'uman ke nan, taubashina. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka halal ne in zage shi, kuma ban taɓa barin halal ɗin nan ya kwana ba. Duk wanda ya gan shi yanzu yana hura ƙura daga cikin tocilar ɗari biyar ba zai ce mutumin nan ya taɓa magana da rabin kwarin Rima daga kan kujera ɗaya ba.

A Gulma aka haife shi, gidan manoman shinkafa. Shi kaɗai ne a gidan hannunsa ya ƙi lauje ya so waya. Ya yi karatun da ya samu, aka ɗauke shi aiki a Birnin Kebbi, a wani ofishi mai lura da ruwan gulbi, aka ba shi ɗaki da fanka da akwatin oba-oba, rediyon nan na kira da amsawa. Wannan kafin wayar hannu ta iso ƙauyuka ne. Daga can sama masu auna ruwa su kira shi, shi kuma ya kira Argungu ya faɗa. A Argungu sai saƙon ya zauna jiran masinja, masinja yana jiran babur, babur yana jiran mai. Sau da yawa ruwa kan riga saƙon isa gona.

Mutanen Gulma ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. Ƙato ya zauna a inuwa yana yi wa akwati ihu? In ya je gida da Salla, dattawa su tambaye shi lafiya, su tambayi iyali, sannan wani ya ce, "To Nu'uman, har yanzu ba ka samu aiki ba?" Ubansa ma har ya rasu bai gane abin da ɗansa ke yi ba. Abin nan ya ci masa rai. Ba albashi ya dame shi ba, ba girma ba. So yake sau ɗaya dai Gulma ta ji muryarsa ta amfana, a ce ɗan gidan wane ne ya yi.

Ni a lokacin kabu-kabu nake yi, kuma in rana ta yi zafi ɗakinsa nake fakewa saboda fankar gwamnati. Wata rana ina murɗa 'yar rediyota a gajeren zango daga bakin ƙofa, shi yana ciki yana magana da Argungu, sai na kama wani abu: kwak, kwak, kwaƙwaƙwak, kamar an taka agwagwa.

Na ce, "Taubashi, zo ka ji danginka na kira."

Ya sake magana a akwatinsa yana saurare, ya yi dariya. "Ni ne wanga, Hodi."

"Na sani. Na daɗe ina hwaɗa ma mutane, ba su yarda ba."

A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce gidan rediyo na kullum, in zai aiko magana, sai ya ɗora ta a kan wata igiya mai ƙarfi wadda ita kanta ba ta cewa komai, aikinta dako kawai. Kamar jaki da mangala. Maganar tana cikin mangalar, gefe biyu, kuma abin da ke dama shi ne a hagu. Jakin nan kuwa shi ke cinye fiye da rabin wutar da aka ƙona. Oba-oba irin nasa ba ya ciyar da jaki. Tun daga ƙofa yake riƙe jakin, ya yar da gefe ɗaya na mangalar, ya aika ɗayan shi kaɗai. Shi ya sa da batirin mota ɗaya muryarsa ke kai inda take kaiwa. Amma kaya ba ya shiga gida da ƙafarsa. Dole mai karɓa ya kasance da nasa jakin a tsaye daidai wurin da aka cire na farko. Akwatin Argungu yana da shi a ciki. Rediyota ba ta da shi, shi ya sa nake jin agwagwa.

Na ce, "Ashe dut shekarun ga kiwon jakai ka kai, aka ce muna boko."

Bai kula ni ba, don wani tunani ya riga ya shige shi. Ya aro rediyon maigadi, ya ƙure muryarta ƙasa har ta yi shiru, ya jingina ta da tawa, ya sa aka kira shi daga Argungu. Ya ce kowace rediyo tana da wani ɗan fito a cikinta wanda kunne ba ya ji, kuma yana yoyowa waje kaɗan. Ya dinga murɗa ta maigadin a hankali, kamar mai cire ƙaya. Agwagwar ta koma kamar mutum a cikin tulu, ta koma kamar yaro mai mura, sai ga murya tangaran: "Birnin Kebbi, kana ji na?"

Ya je wa shugabansa da shawara: a bar shi kullum bayan La'asar ya karanta labarin ruwa don manoma. Shugaban ya ce in dai ba za a nemi ko kwabo ba, ya karanta har da labarin kifi.

Ranar kasuwa na goya shi muka tafi Gulma. Aka tara rediyoyin gari a majalisar bakin masallaci, ya gwada su bibbiyu. Yawancinsu ba su kama wurin ba, wasu kuma in an saita sai su zame. Biyu ne suka dace. Ɗaya ta Ummaru mai faci ce, 'yar ƙarama, an ɗaure bayanta da roba. Ɗayar kuwa ta Alhaji Tamba ce, babban manomi mai injinan ban ruwa, ƙatuwa mai riga ta fata, daga Makka ya zo da ita. Abin da ya fito shi ne ta Ummaru ce mai kunne, ta Alhaji ce mai fito mai ƙarfi da ba ya zamewa. Aka juya su, abin ya ƙi. To ta Ummaru za ta yi magana, ta Alhaji ta yi shiru a gefenta.

Alhaji Tamba ya ce, "Malam, tawa mi za ta yi ke nan, in ba a jin ta?"

Da Nu'uman ya ce ita ce uwa, ko ita ce limamiya, da yau wani labarin nake rubutawa. Amma mutumin da ya yi shekaru yana hira da akwati ya manta yadda ake hira da majalisa. Ya gyara zama, ya kawo karatun nan nasa tun daga mangala, ya rufe da cewa, "Taka, Alhaji, ita aj jakin."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Gulma ba ta dariya a gaban baƙo, ko da ɗan gari ne. Ajiyewa take yi.

Da farko abin ya yi kyau. Alhaji ya koyi murɗawar, hannunsa ya iya. Bayan La'asar a jingina rediyo biyu a kan tabarma, sai ga muryar Nu'uman: ruwa ya ƙaru kaza, ruwa ya tsaya. Yayarsa Laure, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona a fadama, ta aiko masa da buhun albasa da saƙon cewa ta ji shi da kunnenta daga bayan katanga. Ya yi kwana da kwanaki yana nuna wa mutane albasar kamar lambar yabo.

Can a majalisa kuwa ajiyar ta fara fitowa. In Alhaji ya doso da rediyonsa a kafaɗa, wani ya ce, "A gyara, ga jakin Makka nan." Wani ya tambaya ko an ba ta dusa. Ummaru, wanda tunda aka haife shi bai taɓa fin Alhaji a komai ba, sai ya riƙa kishingiɗa yana cewa, "Alhaji, ja shi gaba kaɗan, ya yi nauyin ƙahwa." Wata La'asar Alhaji ya zuge rigar fatar, ya rataya, ya ce jakinsa ya gaji, mai kaya ya ɗauki kayansa da kai.

Nu'uman bai sani ba. Akwatinsa yana faɗa wa Gulma ne, Gulma ba ta da abin mayar masa. In ya haɗu da ɗan gari a tasha ya tambaya, "Kuna ji na?" sai a ce, "Muna ji, Malam, Allah shi saka." Kuma ba ƙarya suka yi ba, suna jin kwak-kwak. Wa zai dubi mutum a tsakiyar tasha ya ce masa abin da yake alfahari da shi ya mutu? Laure ma kunya ta hana ta aikowa.

Shekarar nan damina ta yi nauyi. Shinkafa ta yi kai, saura kaɗan ta isa yanka, sai kira ya zo daga sama cewa ruwa mai yawa yana tafe, a cikin 'yan kwanaki zai rufe fadama. Wanda ya ji da wuri zai iya yanke abin da ya nuna, ya janye injinsa. Ina ɗakin. Na ga ya miƙe tsaye, ya gyara hula, kamar wanda za a ɗauka hoto.

Na ce, "Taubashi, zuba min mai in tahi Gulma yanzu in hwaɗa musu da baki."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Da wanga gwangwanin naka? Kahin ka kai kwanar gari na gama. Wagga rana ita nika jira, Hodi. Ba a kai ta bisa babur."

Ya karanta saƙon, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Washegari haka, jibi haka, har muryarsa ta dushe.

Abin da ya faru a Gulma daga baya na tattara shi. Ummaru ya buɗe rediyonsa, ya ji agwagwa ta yi tsawo fiye da kullum, kuma tana dawowa kan abu ɗaya. Jikinsa ya ba shi. Ya aika wa Alhaji cewa ya zo da rediyo. Alhaji ya ce Ummaru ya tako da ƙafarsa, ya roƙa a gaban majalisar da aka yi dariyar. Ummaru ya ce shi bai zagi kowa ba, abin da Malam ya faɗa ya maimaita. Dattawa suka ce a bari a huce, gobe a sasanta. Wasu suka jingina nasu rediyoyin suka yi ta murɗawa, ba abin da suka samu sai fito. Tsakanin ƙofar Alhaji da rumfar Ummaru, in ka yi tari a nan sai a ce maka sannu a can.

Ruwa ya zo da hantsi, yana tafiya a hankali kamar mai gari. Ba a rasa rai ba. An rasa shinkafa, an rasa injina, na Alhaji ma har da su. Gonar Laure ta koma gulbi. Masinjan Argungu ya iso bayan an fara kama kifi a cikinta.

Muka je jaje. A nan na ga abin da dattawa suka kasa: Alhaji Tamba da Ummaru a tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa. Sun samu abin da ya haɗa su.

Alhaji ya ce, "Ka san ruwa na tahe, Nu'uman. Kana da ɗan'uwa mai babur. Kat tsaya kana muna kukan agwagwa."

Ummaru ya ce, "Mu talakkawa mi munka sani? Kai ad da ilimi."

Nu'uman ya buɗe baki zai yi bayani, ya fara da cewa ai tun farko ya faɗa musu dole sai an haɗa biyun. Wani daga baya ya yi kwak. Wannan karon Gulma ba ta ajiye ba, a gabansa ta yi dariyar.

Bai sake karanta labarin ruwa ba. Wayar hannu ta zo, aka kulle ɗakin oba-oba, aka mai da shi wurin ajiye tsofaffin kujeru, shi kuma aka bar shi yana zaman jiran ritaya a baranda. Salla ta zo ta wuce sau da yawa bai taka Gulma ba. Yara da aka haifa bayan ruwan sun san shi da Malam Agwagwa, ba su san dalili ba, ba su ma san fuskarsa ba.

Bara Laure ta rasu, dole ya je. Na kai shi a keken da nake ja yanzu. Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gida, sai ga tsofaffin nan biyu, Ummaru yana riƙe da hannun Alhaji saboda idon Alhajin ya tafi. Suka yi gaisuwa, aka shafa. Sai Alhaji ya lalubo hannun Nu'uman ya riƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Nu'uman, mutuwa wa'azi ta. Abin da ya wuce ya wuce. Ni da Ummaru mun yi shawara, mun yahe maka, duniya da lahira."

Jama'a suka ce madalla. Magana ta taso mini har maƙogwaro, mai kyau kuwa, da ta isa a riƙa ba da labarinta. Nu'uman ya danne mini yatsan ƙafa da dugadugansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah shi bar zumunci."

Sai da muka hau kwalta na ce, "Kai, bawan Allah, godiyar mi ka yi? Su za su yahe maka?"

Ya juya ya dubi fadama, shinkafa ta yi kore har iyakar gani.

Ya ce, "Ka ga wurin da ya rage a maƙabarta kusa ga Laure da Baba? Nan nika son a sa ni. Ɗiyan Ummaru ka ginan kabari yanzu, Hodi. Ja mu tahi, na bar wayoyin mutane bisa caji."