Ƙunshin amaren da ƙanwata ta ajiye

Shekarun baya ne, lokacin mahaifiyata na da rai, ƙanwata ta zo mana Umara daga Kanada ba a watan da ta saba zuwa ba. Ni da maigidana muka ɗauko ta a tashar Kudai, kuma tun a mota na san akwai magana, domin yarinyar da ba ta iya rufe baki ta yi tsit har muka iso gida a unguwar Mansur, nan Makka.

Mu gidan masu ƙunshi ne. Kakarmu ta zo aikin Hajji daga Kano ta zauna, da lalle ta riƙe 'ya'yanta, mahaifiyata ta gaje ta. Ni hannuna bai karɓa ba, surutu kawai na iya. Ƙanwata ce ta ɗauko hannun Umma, da aure ya kai ta Kanada ta buɗe ɗan shago, kuma ƙunshin amare ne ke riƙe da shi.

Sai da ta sauke Umararta, muna shan shayi da la'asar, ta fasa mana ƙwan. Wata Baturiya maƙwabciyarta, wadda ta daɗe tana zuwa a zana mata hannu, ta nemi ƙunshin amarya. Ƙanwata ta taya ta murna, ta tambaye ta wane ne angon, matar ta ce mace 'yar'uwarta za ta aura.

"Yaya, ban san lokacin da na ce a'uzubillahi ba," in ji ta. "Na ce mata ba na yin irin wannan, ga shago cike da mutane. Da kuka ta fita."

Matar ta kai ƙara hukumar kare haƙƙin jama'a. Lauyan ƙanwata ya yi mata bayani dalla-dalla: dokar can ta yarda kowa ya bi addininsa, amma ta hana mai shago ya yi wa wani aiki ya hana wani saboda wanda zai aura. Idan aka je kotu abin zai ja lokaci, ba wanda ya san inda hukunci zai faɗa, kuma shagon na iya tafiya.

Nan fa na hau faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce wace irin ƙasa ce wannan da za a tilasta wa Musulma ta sa hannu a abin da addininta ya hana? Na ce a je kotun, ko shekara nawa za a yi. Ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa leƙawa ba, ranar na zama babbar lauya.

Ƙanwata ta bari na gaji, sannan ta ce, "Yaya, kin tuna da mai ginin da ya hana ni haya saboda niƙabina? Wannan hukumar ce ta ƙwatar mini shagon. Dokar guda ce. Ranar ni ta tsaya wa, yau ita."

Na tuna sarai. Lokacin babu gidan bikin da ban shiga ba a unguwar Utaibiyya ina yabon adalcin Turawa. Kunya ta kama ni, na koma hura shayin da ya riga ya huce.

Umma na gefe tana jin mu. Sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ke, matar nan ta taɓa cutar ki?"

"A'a, Umma. Lokacin da na haihu ma ita ke kai mini yara makaranta."

"Ɗayyib, da kyau. To abu biyu kika yi, kada ki cakuɗa su. Ƙin aikin tsakaninki ne da Ubangijinki, ba zan ce ki yi ba. Amma tozarta ta a gaban mutane, wannan haƙƙinta ne, kuma ɗawafi ba ya wanke shi. Ki koma ki ba ta haƙuri, halas, magana ta ƙare."

Haka aka yi. A zaman sulhu ƙanwata ta ba matar haƙuri, kuma ta ɗauki hanya guda da ta rage mata: ta daina ƙunshin amare gaba ɗaya, na kowa da kowa. Duk wadda ta shigo ta miƙa hannu don kwalliya za a zana mata, amma na biki babu. Matar ta janye ƙara. Shagon ya tsira, ko da yake ya rame. Amarya ta farko da ta mayar 'yar limamin masallacinsu ce, kuma ta gaya mini a waya cewa cikin lallashi ta yi mata bayani, irin wanda ya kamata ta yi wa waccan tun farko.

Har yau ra'ayina a kan irin wannan aure bai motsa ba. Abin da ya sauya shi ne na daina yi wa masu zama a can fatawa daga kan tabarmata a Makka, inda ba a taɓa sa ni zaɓi tsakanin imanina da abincina ba. Kuma na daina ɗaukar waccan matar a matsayin abokiyar gaba. An wulaƙanta ta, ta je inda ƙanwata ta taɓa zuwa da nata kukan.

Amma abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Bara da muka aurar da babbar 'yata, ƙanwata ta zo takanas don ta yi mata ƙunshi. Ta zauna ta fara, hannu na tafiya gwanin sha'awa, har ta kai wuyan hannu. Sai ta tsaya, ta daɗe tana kallon wurin, lallen na bushewa.

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika. "Yaya, na manta yadda Umma take rufe shi a nan."

Babu wanda za mu tambaya, Umma ta riga ta rasu. Haka 'yata ta tafi ɗakin mijinta da zanen a buɗe.