Tsumagiya a Hannun Ƙane

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san adadin komai kuma ba Ya kuskure a lissafi.

A farkon shekarun saba'in, bayan yaƙin basasa ya lafa, muna zaune a Kafanchan, bayan kasuwa, inda ƙarar jirgin ƙasa ke shigowa har cikin ɗaki. Baba tela ne. Ni da Yaya tare muka yi karatun allo a zauren kakanmu, kuma rana ɗaya Baba ya kai mu boko, wata makarantar mishan a hanyar Kagoro. Yaya ya girme ni da shekara huɗu, amma aji ɗaya aka sa mu, haka muka taho har ajin ƙarshe.

Lissafi bai taɓa ba ni wuya ba. Kakanmu ake kira idan za a raba gado, kuma a gabansa, da rubutun ajami, na koyi sulusi da sudusi da sumuni. Tun ban san boko ba na san akan cire rabon wani kafin a raba abin da ya saura. Yaya kuwa hannunsa ya iya gyara keke da fitila da komai, amma lamba ba ta zama a kansa.

A shekarar nan aka ce za a yi gasar lissafi a Zonkwa, kowace makaranta ta kawo yara biyu, wanda ya ci kuma a ba shi gurbi a sakandare. Malamin da aka ɗora wa shirya mu mutumin Kagoro ne, tsohon soja, dogo, da tabo a wuya. Ya ɗauki abin nan da zafi ƙwarai.

Ga yadda ake yi, kuma ba shi ya ƙirƙiro ba, haka makarantu da yawa suke. Da safe sai ya karanto tambaya, kowa ya rubuta amsa ya ɗaga. Wanda ya fara samu, shi ake miƙa wa tsumagiyar gwaiba, ya bi layi yana zabga wa duk wanda ya faɗi a tafin hannu. In ka sassauta, Malam ya karɓa ya nuna maka yadda ake yi a jikinka, ninki biyu.

Kusan kullum tsumagiyar nan a hannuna take faɗawa, ko hannun wata yarinya 'yar garin Madakiya, siririya mai shiru. Ita ba ta da wa a ajin. Ni kuwa sai in zo kan Yaya, ya miƙo hannu bai dube ni ba, yara suna ƙunshe dariya.

Ana tashi yakan jira ni a bakin layin dogo. Ina isowa sai ya kayar da ni a kan tsakuwa. Ya danne mini ƙirji da gwiwa, ya yi ta naushina a haƙarƙari, inda riga za ta rufe.

"Ni za ka daka a gaban mata? Ni na goya ka, ɗan banza!"

"Yaya, Malam ne ya sa ni!"

"To gobe ka gaya wa Malam ya zo ya cece ka."

Ranar da leɓena ya fashe, Baba ya tsayar da keken ɗinki ya tambaya. Da ya ji, sai ya ce, "A gidan nan ƙane ba ya ɗaga wa wansa hannu. A makaranta kuma ka bi malaminka." Ya ci gaba da ɗinki. Ban san yadda zan haɗa maganganun nan biyu ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Sai na fara rubuta amsar da ba ita ba da gangan. Malam bai daɗe ba ya gane. Ya sa manyan yara suka miƙe ni a kan tebur, ya yi ta tsula mini a baya har rigata ta manne da jini.

"Ɗan malam, ni za ka yi wa wayo? Allah ya ba ka kai, kana ɓoye shi? Kowace amsa da ka ɓoye, zan cire ta daga bayanka."

Ranar zaɓe ta zo. 'Yar Madakiya ta riga ta sami gurbinta, saura ɗaya, tsakanina da ɗan wani fasto. Malam ya ce tambaya ɗaya ce, kowa ya yi. Har yau ina riƙe da ita. Wani manomi ya fito da buhunan citta, ya sayar da sulusinsu a Kafanchan, ya sayar da rubu'in abin da ya rage a Zonkwa, ya koma gida da goma sha biyar. Nawa ya fito da su?

Wannan ai rabon gado ne. In ka cire sulusi, ka cire rubu'in saura, rabi ne ya rage. Na rubuta talatin. Ɗan fasto da yawancin aji suka haɗa sulusi da rubu'i wuri ɗaya, suka sami talatin da shida. Yaya ma, ga mamakina, har can ya kai. Bai taɓa zuwa kusa haka ba, kuma na ga yadda ya ɗaga amsarsa da sauri.

Malam ya miƙo tsumagiya. "Gama aikinka, gurbin Zonkwa naka ne."

Na bi layi ina duka. Da na zo kan Yaya, ya buɗe hannu. Tafin ya tsage tun jiya, yana ruwa. Na ɗaga tsumagiya, hannuna ya ƙi sauka. Ba jarumta ba ce, kasawa na yi. Na ajiye ta a kan benci.

"Ɗauka."

"Malam, wana ne."

"Bulala ba ta san wa da ƙane ba. Ɗauka, ko ka kawo naka."

Na miƙa hannun dama. Ya fara a tafi, da tsumagiyar ta tarwatse ya jawo rula mai bakin ƙarfe, ya juya hannuna ya bi bayan yatsu. Na ji ƙas a ɗan yatsana na tsakiya. Na yi ihu, bai tsaya ba.

Ban ga tashin Yaya ba. Na dai ji benci ya kife, sai ga shi ya rungume Malam ta ƙugu, suka zube a kan baƙin allo. Malam ya buga masa gwiwar hannu a fuska, hanci ya ɓalle da jini, amma Yaya bai saki rular nan ba, ya riƙe bakin ƙarfen da tsagaggen hannunsa har ya fizge ta. 'Yan mata suna ta kiran Yesu, yara suna fita ta taga. Sai da hedimasta da wasu malamai biyu suka zo kafin aka ɓamɓare su.

A ranar aka kori Yaya. Ɗalibin da ya taɓa malami ba ya komawa aji, Baba kuwa bai je roƙo ba. Ni hedimasta ya ce in je gasa, tunda na ci, amma Malam ya rantse ba zan shiga motar da yake ciki ba.

Da asubar ranar gasa, bayan salla, na tarar da Yaya a ƙofar gida da keken da ya aro, fuskarsa a kumbure.

"Hau. Kada ka riƙe ni da wannan hannun."

Haka ya tuƙa ni har Zonkwa, yana haki a kan tudu. An ɗaure yatsan da kara da tsumma, don haka da hagu na rubuta. Na san amsoshin, amma hannu ya ƙi sauri, aka karɓi takarda ban kai ƙarshe ba. 'Yar Madakiya ta ci, kuma ta cancanta. Ni sai a shekara ta gaba na shiga sakandare ta hanyar jarrabawa.

Yaya bai sake taka makaranta ba, bai kuma sake dukana ba. Ya shiga aikin reluwe, yana zuba wa jirgi gawayi. Yatsan ya warke a karkace, har yau alƙalami ba ya zama daidai a hannuna, da na ajami da na boko.

Shekarar da Allah Ya yi wa Yaya rasuwa, ina zaune kusa da shimfiɗarsa, sai ya kama hannuna yana duban yatsan.

"Kai, buhunan cittar nan, nawa ne ma?"

"Talatin, Yaya."

"Ni dai talatin da shida na samu," ya ce. "Kuma da kaina na yi, ban leƙa na kowa ba."

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.