Iyakar Fadama da Mahaɗin da Ya Ƙi Buɗewa

Shekarun baya, lokacin ina sabon shiga harkar kwamfuta, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta, babban kawuna ya aiko a kira ni daga Ikara. Shi ne yayan mahaifiyata, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tsaya a kan rabon gonar kakanmu da ke Dandamisa. Rabon da baki aka yi shi, babu takarda. Su uku ne magadan: shi, da mahaifiyata, da autansu, wato ƙaramin kawuna.

Na same shi ya rame, yana dogara sanda. Bayan mun gaisa ya ce, "An ce wayarka tana ɗaukar mutum har da maganarsa. Tashi mu zaga gona. Jikin nan bai yi mini alkawarin wata damina ba."

Muka zaga tun hantsi har azahar. Duk inda ya tsaya sai ya nuna da sanda, ya faɗi mai wurin da inda ya yi iyaka, ni kuma ina ɗauka. Gajerun bidiyo goma sha huɗu muka yi. Da na koma gida na zuba su a kwamfuta, na goge na cikin wayar. Akwai wata manhaja da nake ajiye bayanan ofis a cikinta, sai na buɗe sabon shafi, na rubuta kowace iyaka a layinta, na maƙala mata mahaɗi, wato shuɗin rubutun nan da in ka danna yake kai ka ga abin da aka ɗaura masa. Na gwada, kowanne ya buɗe. Sai da na yi mako ina nuna wa abokan aiki wannan gwaninta tawa.

Bayan damina biyu Allah Ya yi wa babban kawu rasuwa. Ba a cika shekara ba magana ta tashi a kan wani yanki na fadama, tsakanin tsohuwar rijiya da giginya, inda rake yake yi sosai. Mahaifiyata ce take noma wurin tun muna yara, saboda ƙaramin kawu ya daɗe a kudu yana aiki. Da ya dawo gida ya ce wurin nasa ne, aro aka ba ta. Ita kuma ta ce mahaifinsu da bakinsa ya ba ta. Ba ƙarya take yi ba, har cikin ranta haka ta ɗauka. Abin ya kai sun daina zuwa sunan juna. Mai unguwa ya sa ranar Asabar a zauna, da limami da dattawan dangi. Mahaifiyata kuwa ta bi gida gida tana cewa, "Ɗana yana da maganar Yaya a na'ura. Ranar kowa zai ji."

Ranar Laraba na buɗe shafin. Rubutun yana nan, shuɗi fes. Na danna na farko, sai wani ɗan akwati ya fito ya ce ba a sami fayil ɗin ba. Na danna na biyu, haka. Har na goma sha huɗu babu wanda ya motsa.

Na kashe kwamfutar na kunna. Na sayi data, a zatona matsalar sabis ce. Na sabunta manhajar, na cire ta na sake sakawa. Washegari na kai wa wani mai gyara, ya duba sama sama ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, sai dai a wanke komai. Na ɗauko abata na dawo.

A nan ne zan faɗi abin da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Ni na riƙe wayar a ranar da aka zaga gonar. Na san abin da kawu ya faɗa a bakin rijiya, ban manta ba. Don haka duk lokacin da ɗan akwatin nan ya fito, a ƙarƙashin damuwata akwai wani sanyi da nake ji a rai. In abin ya ƙi buɗewa, ai ba laifina ba ne. Sai in je ranar Asabar in ce na'ura ta lalace, maganar ta koma tsakanin wadda ta shekara talatin tana noma wuri da wanda ya dawo jiya. Na san inda dattawa za su karkata.

Matata tana koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, amma girman kai bai bar ni na tambaye ta ba. Ranar Alhamis da la'asar ta same ni a tsakar gida ina ta danne-danne.

"Malam, kwana biyu kana abu ɗaya. Bidiyon a ina suke?"

"Ga su nan a cikin shafin mana."

"A'a. Ba bidiyo ba ne a cikin shafin, adireshinsu ne kawai. Kamar ka rubuta kwatancen gidan mutum ne, in ya tashi daga gidan, takardar ba za ta bi shi ba. Kawo in gani."

Ta ɗora 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfutar a kan mahaɗi na farko, ta buɗe wurin gyara shi, sai ga adireshin ya bayyana: sunan wata folda da na sa wa "Gonar kaka". Ta nema a kwamfutar, babu ita.

"Ka taɓa kwashe kaya daga nan?"

Sai a lokacin na tuna. Watannin baya kwamfutar ta cika, na kwashe duk bidiyo na zuba a filash, har na canja wa foldar suna don ta yi tsari. Filash ɗin yana cikin aljihun jakar ofis. Ta jona shi, ta mayar da foldar inda take, ta mayar mata da sunanta na asali. Ta danna. Sai ga kawu tsaye a kan kunya, yana gyara zaman hularsa. Aikin bai kai minti goma ba.

Ta dube ni ta ce, "Kai da kake koya wa mutanen ofis, wannan ne ya gagare ka kwana biyu?"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa, har ta zo kan na tara. Muryar kawu ta fito sarai: "Daga bakin rijiyar nan zuwa giginya na autanmu ne. Ni na ce 'yar'uwata ta riƙa nomawa kafin ya dawo, kada wurin ya mutu." Matata ta tsayar da bidiyon. Ta tashi ta shiga kicin. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau mota zuwa Makarfi, na ƙarasa Dandamisa a kan acaɓa. Ban so mahaifiyata ta fara jin abin a gaban jama'a ba. Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, akwai abin da nake so ki ji ke kaɗai."

Na fito da kwamfutar daga jaka, na kunna mata bidiyo na tara. Ta ajiye faifan, ta matso da fuskarta kusa da gilashin. Da ya ƙare ta ce in sake. Na sake.

"Ashe haka Yaya ya rame a lokacin," in ji ta. "Kullum ina ganinsa, ban lura ba."

Ta goge ido da bakin mayafi. Can ta ce, "Kai ka ɗauki wannan. Ke nan tun farko ka sani."

"Na sani, Inna."

"Ka bar ni ina yawo gida gida ina cika baki."

"Ki gafarce ni. Na rasa ta inda zan fara."

Na ba ta labarin yadda abin ya ƙi buɗewa, da yadda matata ta gyara. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Da bai buɗe ba fa? Me za ka faɗa gobe?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba.

Ranar Asabar aka taru a zauren mai unguwa. Limami yana gama addu'a mahaifiyata ta yi gyaran murya daga inda mata suke zaune, ta ce ta janye, wurin na ƙanenta ne. Mai unguwa ya ce to alhamdu lillahi, ba sai an kunna komai ba. Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe, a kunna. Kada gobe wani ya ce alfarma na yi masa. Haƙƙinsa ne." Na danna, ya buɗe. Ƙaramin kawu, wanda ya zo da shirin faɗa, yana jin muryar yayansa ya rufe fuska da babbar rigarsa.

Ba a ranar komai ya daidaita ba. Sai da aka ɗauki kusan shekara kafin su koma cin abinci a gidan juna, ni ma na yi watanni gaisuwata da mahaifiyata ba ta wuce "lafiya lau". Yanzu duk ya wuce. Har rake ƙaramin kawu yake aiko mata duk kaka.

Abin da na koya game da na'ura ɗan kaɗan ne: kada ka tayar da fayil daga wurinsa ka zaci mahaɗi zai bi shi, kuma duk abin da ke da muhimmanci ka rubuta shi da kalmomi, ka gaya wa masu shi tun da wuri. Wanda na koya game da kaina shi ne mai nauyin. A da ina ganin ni mai gaskiya ne, ashe ban taɓa samun inda zan ɓoye ta ba tare da na yi ƙarya ba. Da na samu, kwana biyu na yi a zaune a wurin, kuma ba ni na fitar da kaina ba. Mutane a dangi har yau suna yabona, wai na tsaya a kan gaskiya ko da a kan mahaifiyata ce. In sun faɗa a gabanta, sai ta dube ni kawai, ni kuma in dubi ƙasa.