Malam Jadawali da Shafi Biyu

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi yana tsara jadawalin darussa a wata makarantar sakandare, har sunansa ya ɓace, kowa sai Malam Jadawali. Duk ƙarshen hutu zai shimfiɗa farin kwali a teburin falo, fensir a kunne, ya hana mu ko tari. Matarsa takan ce mako guda ba ta da miji, sai mai gadin kwali. Wallahi ina kewar kwanakin nan, har da tsawar.

Ana nan sai hukumar makarantar ta fara shawarar ɗaukar wani kamfani da ke haɗa jadawali da taimakon ƙirƙirarriyar basira. Shugaban makaranta ya kira Kawu.

"Malam, kai za ka duba aikinsu. In ka ce a ɗauke su, a ɗauka. In ka ce a'a, shi ke nan."

Kawu ya san in ya ce e, aikinsa ya ƙare. Wata ma'aikaciyar kamfanin ta fitar da jadawalin zango guda kafin shayinsa ya huce. Kwana uku yana bin sa layi-layi, yana neman inda aka ba malami ɗaya aji biyu a lokaci guda. Bai samu ba. A rana ta huɗu ya shigo gida yana washe baki: sun kai malamar lissafi ajin saman bene, alhali gwiwarta ba ta hawa.

Washegari ya ajiye wa ma'aikaciyar kamfanin takardar. "'Yata, na'urarku ta san lissafi, amma ba ta san gwiwa ba."

"Baba, ai ba wanda ya gaya mata. Bari in gaya mata."

Ta ɗan taɓa kwamfuta, malamar ta sauko ajin ƙasa a jadawalin. Kawu ya daɗe yana kallo. Mutum ne mai taurin kai, amma ƙarya ba ta cikin halinsa. Ya ce a ɗauke su, da sharaɗin kullum wani na cikin makarantar ya riƙa dubawa.

Mutanen kamfanin suka roƙe shi ya rubuta musu duk abin da ya sani: wa ke shayarwa, wa ke zuwa daga nesa, wane aji ke barci bayan tara. Da yamma na tarar da shi a falo, takardar a cinyarsa, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

"Kin ga," ya ce, "na zaci sai na cika littafi. Ko shafi biyu bai kai ba."