Alwala a Gindin Bangon Inna

Mutanen Daura, waye a cikinku zai bari a mayar da bangon ɗakin uwarsa wurin alwala?

Yau da azahar na sake tarar da dattijon maƙwabcinmu tsugune da buta a gindin bangonmu. Ginin ƙasa ne, filastar simintin da na yi masa bara duk ta kumbura, tana zubewa.

Na ce, "Baba, a matsa bakin kwata mana."

Ya ce, "Kai yaro, albarka muke zuba muku."

Na ce, "Albarkar ta shiga ciki, har tabarmar Inna ta yi danshi."

Dariya ya yi, ya ci gaba da wanke ƙafa.

Ga damina tafe. In bangon nan ya rufto mata, alhakin wa? Dattawan unguwa, ku amsa min nan, a gaban kowa.