Wayar Totur ɗin Hajiya

Duk wanda ya san yayana Abdu a Ƙonni ya san ba ya amsa gaisuwar safe sai ya gama shafa wa wayoyin babur ɗinsa man gyaɗa da gashin kaza. Tsohon babur ne, ya girmi 'ya'yansa duka, kuma Hajiya yake kiransa. In na ce, "Yaya, ina kwana?" sai ya ɗaga mini hannu: "Dakata, Hajiya na kalaci."

Ba zan ɓoye ba, na yi kishin ƙarfen nan. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma bai taɓa ɗaukata a kan Hajiya ba. Wai nauyina zai karya mata baya. In na zo daga Dogarawa da damina, Hajiya ce a ɗaki, ni a zaure inda ruwa ke zuba.

Sabon kaya kuwa, ko ganinsa ba ya son yi. Ranar da wayar totur ta tsinke masa a Bazaga, makanikensa Sani ya nuna masa sabuwa mai rigar roba. Yaya ya shinshina ta ya mayar. "Wagga ba waya ba ta, taliya ta." A amalanken jaki ya ɗoro Hajiya har gida, shi yana tafe a ƙasa yana riƙe mata laima. Wata uku tana jingine, yana bin kasuwanni neman tsohuwar waya irin tata.

A ƙarshen watannin nan ne maciji ya sare ni a gona da hantsi. Na farfaɗo a asibitin Ƙonni, aka ce Yaya ne ya kawo ni a kan Hajiya, ya ɗaure ni a bayansa da rawani. Hawa ɗaya tak a rayuwata, shi ma a sume! Da na yi masa godiya sai ya ce, "Ita za ka yi ma, ka ɓata mata kujera."

Da Yaya ya rasu, bayan sadakar bakwai ɗinsa, Sani ya ja ni gefen babur ɗin, ya kankare wayar totur da farce. Roba ta fito fes, sabuwa, an shafe ta da baƙin tukunya.

"Ran da macijin nan yac cije ka, da gudu yaz zaka garejina ba takalmi," in ji Sani. "Yac ce, sa mata taliyar, ƙanena na mutuwa. In ka hwaɗa mishi, ba ni ba kai."

Daga baya Yaya ya samu tsohuwar wayar da yake nema, ga ta can rataye a ƙusa, bai taɓa sawa ba.

Allah ya jiƙan Yaya Abdu, ya kai haske kabarinsa. Hajiya tana ɗakina yanzu, ni nake ba ta kalaci.