Malam Ndatsu, Wanda Ya Riƙe Guduma a Fadikpe

Kullum da hantsi Malam Ndatsu yana sauka daga keke a ƙofar asibiti, ya sa rigarsa mai nauyin dalma, ya shiga ɗakin hoton ƙashi. Wanda ya karye, ya gyara masa kwanciya. Mace kuwa, sai ya tambaya ko tana da ciki kafin ya kunna na'ura. Haka har ya yi furfura. Watan jiya ya ajiye aiki.

Ni maƙeri ne. Ba na yabo sai na gani.

Yana saurayi aka tura shi karatu ƙasar Yukiren. Yana can tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe. Garin ma'aikatanta, Pripyat, aka kwashe shi a yini guda. Aka ce kowa ya ɗauki kayan 'yan kwanaki. Har yau ba wanda ya koma. Daga baya ya je ya gani da idonsa: bishiyoyi sun cika filin ƙwallo, babban otal ba ƙofa ba taga, ga wani ƙaton lilon ƙarfe da aka kafa wa yara, ana shirin bikin buɗe shi abin ya auku.

Bara, Badaru, ɗan gwangwan da ke jikin maƙerata a unguwarmu Fadikpe, ya sayo tsohuwar na'urar asibiti cikin tarkace. Kanta kamar tulu, ƙato uku ba sa ɗaga shi. Al'adar 'yan gwangwan, abu mai nauyi sai an fasa an ciro dalma. Badaru ya ɗaga guduma, Malam Ndatsu yana wucewa gida. Malam ya hango alama mai kama da fanka a jikin ƙarfen, alamar gubar nukiliya. Dattijo ya ruga ya riƙe ƙotar.

"Baba, sakar min. Dalma ce fa, ba aljani ba."

"Da aljani ne da sauƙi, Badaru, ana masa ruƙiya. Abin da ke ciki ba ya wari, ba a ganinsa. Ka fasa, ya bi iska ya shiga rijiyarku."

"To wa zai biya ni asarata?"

"Na ga garin da bai da mai asara, don ba kowa a cikinsa."

Badaru ya saki. Malam ya sa aka kewaye wurin da igiya, ya kori masu kallo, ya tsaya gadi cikin rana har ma'aikata suka zo daga Abuja. Na'urarsu ta awo tana kusantar ƙarfen ta kama kuka. Suka ɗauke shi a rufaffiyar mota.

Malam Ndatsu, kai ne katangar Fadikpe. Ba ka da sarauta, ba ka nema ba. Amma yau mata na ɗiban ruwa a rijiyar nan, Badaru ya aurar da 'yarsa a gidansa. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma matasa, in kun ga guduma za ta sauka inda bai dace ba, kada ku tsaya kallo. Ku riƙe ƙotar.